Kunne a Kan Ƙirji: Bitar Littafin Laennec na 1819

A watan Agustan 1819 wasu masu buga littattafai a birnin Paris, Brosson da Chaudé, suka fito da wani littafin likitanci mai juzu'i biyu, shafi sama da 900. Wanda ya je saye, in yana so, sai a haɗa masa da wani guntun itace mai rami a tsakiya, tsawonsa kamar ƙafa guda. Sunan littafin De l'auscultation médiate, magana ce a kan sauraron ƙirji ta hanyar sa wani abu tsakanin kunnen likita da jikin majiyyaci. Marubucinsa René Laennec, likita ne a Asibitin Necker, shekarunsa 38 a lokacin. Guntun itacen nan shi ne kakan abin da likitoci da nas-nas ke ratayawa a wuya yau, wanda ake kira sitetoskof.

Kusan duk ɗalibin likitanci ya san labarin yadda aka ƙirƙiro shi, domin malamai na son ba da shi. A 1816 aka kawo wa Laennec wata matashiya mai alamun ciwon zuciya. Tana da ƙiba, saboda haka taɓawa da ƙwanƙwasa ƙirji ba su nuna masa komai ba, kuma kunya ta hana shi ɗora kunnensa a ƙirjinta. Sai ya tuna cewa in aka karci ƙarshen dogon katako da allura, wanda ya kara kunne a ɗaya ƙarshen yakan ji sarai. Ya nannaɗe takardu suka zama bututu, ya ɗora baki ɗaya a kan zuciyarta, ya sa kunne a ɗayan, ya ji bugun fiye da yadda ya taɓa ji. Labarin ke nan, kuma bai ci wuri mai yawa a littafin ba. Abin takaici shi ne yawancin mutane a nan suke tsayawa, alhali aikin da ya sa littafin ya zama abin da ya zama yana cikin sauran ɗaruruwan shafukan da ba a cika buɗewa ba.

Kafin zamaninsa, likitan Turai ya fi dogara ne da abin da mara lafiya ya faɗa masa. Zai duba harshe, ya taɓa bugun jini a hannu, ya kalli fitsari da majina, sannan ya sa wa ciwon suna bisa ga alamu: tari, zazzaɓi, rama, haki. Abin da ke faruwa a bayan haƙarƙari kuwa sai hasashe. Wani likitan Vienna, Leopold Auenbrugger, ya buɗe ƙofa a 1761 da ɗan ƙaramin littafinsa Inventum Novum, inda ya nuna cewa in ka ƙwanƙwasa ƙirji da yatsu, wurin da iska take yakan ba da amo, wurin da ruwa ko tauri yake kuma sai ka ji dum. Ba a kula shi ba sosai sai da Corvisart, likitan Napoleon kuma malamin Laennec, ya fassara littafin zuwa Faransanci a 1808 tare da dogon sharhi. Ɗora kunne kai-tsaye a ƙirji ma ba sabo ba ne, tun zamanin Hippocrates an san shi, kuma abokin Laennec, Gaspard Bayle, yakan yi. Laennec bai ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yana ambaton na gabansa, yana faɗin inda suka tsaya, kuma wannan halin na daga cikin abin da ke sa mai karatu ya amince da shi tun farko.

Ƙirji wuri ne da ya dace da kunne, kuma sai an riƙe siffarsa a zuciya kafin a ji daɗin littafin. Haƙarƙari goma sha biyu ne a kowane gefe, suka kewaye huhu biyu da zuciya a tsakaninsu, ta ɗan karkata hagu. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Maƙogwaro yana saukowa ya rabu gida biyu a bayan ƙashin ƙirji, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa har ya ƙare a 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, miliyoyinsu. Kowane huhu yana lulluɓe da wani tantani mai ruɓi biyu, ɗaya manne da huhun, ɗaya manne da bangon ƙirji, da ɗan danshi a tsakaninsu don su riƙa zamewa. A ƙasa akwai faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, shi ne ke sauka iska ta shiga. Ƙololuwar huhu takan ɗan leƙo saman ƙashin da ya gitta gindin wuya, kashin ƙasa na kowane huhu kuma galibinsa ta baya yake. Shi ya sa likitan da ya saurari gaban ƙirji kawai ya sallami mutum bai gama aikinsa ba. Huhu lafiyayye cike yake da iska, yana shanye sauti. Da zarar ya yi tauri, ko rami ya buɗe a cikinsa, ko ruwa ko iska suka shiga tsakanin ruɓi biyun nan, yadda sauti ke ratsa shi sai ya canza. Dukan littafin a kan wannan canjin aka gina shi.

Inda na fi ganin ƙarfin Laennec shi ne babin murya. Yana sauraron wata mata mai tari da ɗan zazzaɓi, ya sa ta tana magana, sai a wani ɗan wuri ƙasa da ƙashin gindin wuya ya ji kamar muryar ta bar bakinta ta biyo bututun kai-tsaye zuwa kunnensa. Ya matsa gefe kaɗan, babu. Wani zai rubuta wannan a matsayin abin mamaki ya wuce. Shi kuwa sai ya bi gadajen asibiti yana nemansa a jikin sauran marasa lafiya, ya tarar yawancin waɗanda ke da shi masu tarin fuka ne. Da wasunsu suka rasu, ya buɗe ƙirjinsu, a daidai inda ya ji muryar ya sami rami a cikin huhu, wanda ciwon ya ci ya bari, mai haɗe da hanyar iska. Ya sa wa alamar suna pectoriloquie, ƙirji mai magana. Daga nan likita ya sami ikon ce wa mutum mai rai, yana zaune a gabansa, akwai rami a huhunka na wannan gefen, a wannan wurin, ba tare da ya tsaga shi ba.

Wannan ita ce hanyarsa daga farkon littafin har ƙarshe. Ya ji sauti, ya rubuta shi tun mai shi yana da rai, ya faɗi abin da yake zaton yana ciki a gaban ɗalibai, in mutumin ya rasu a je a duba. Labaran marasa lafiya da ya jera, waɗanda su suka cika littafin, duk haka suke tafiya: shekarun mutum da sana'arsa, ranar da ya shigo, abin da aka ji a dama da abin da aka ji a hagu, yadda ya canza bayan kwanaki, sannan abin da wuƙa ta nuna. Akwai gajiyarwa a karanta su a jere, ba na musu. Amma su ne hujjar, kuma marubucin ya san cewa ba don su ba, duk maganarsa da'awa ce kawai.

Dubi yadda ya bi da ruwan da ke taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari. Ya lura cewa in mai irin wannan ciwon ya yi magana, a wajen allon kafaɗa akan ji muryar ta siranta, tana rawa, ta hanci-hanci, kamar kukan akuya, har ya ba alamar sunan da ke nufin haka, égophonie. Bai tsaya nan ba. Ya gano cewa ana jin ta ne in ruwan matsakaici ne. In ya yi yawa har ya danne huhun gaba ɗaya sai ta ɓace, in ya fara janyewa sai ta dawo. Wato ɓacewar alama na iya zama labarin tsananta, dawowarta kuma albishir. Mutum ba ya gano irin wannan sai ya koma kan gado ɗaya yau da gobe da jibi, yana ɗora bututu a wuri guda. Haƙurin da ke cikin wannan 'yar magana ya fi mini labarin nannaɗe takarda nesa ba kusa ba.

Ga kuma kunnen kansa. Laennec mai busa sarewa ne, kuma da hannunsa yake sassaƙa bututun nasa. Da ya zo bayyana ƙararrakin da numfashi ke yi a huhu mara lafiya, ya rasa kalmomi, domin babu wanda ya taɓa ba su suna, sai ya koma ga abubuwan da kowa ya sani. Ƙarar farkon nimoniya ya kwatanta ta da tartsatsin gishiri a kasko mai zafi. Wata ya ce kamar minshari ce, ko kukan kurciya, ko tsirkiyar babban goge in an goga ta da yatsa. Wata kamar fito ko kukan ƙananan tsuntsaye. Akwai mai gurgura irin ta majina a manyan hanyoyin iska, akwai kuma wata 'yar ƙara kamar an jefa ƙwayar yashi a kofin ƙarfe, wadda ya danganta da ramin da iska da ruwa suka haɗu a cikinsa. Masu sukarsa a zamaninsa sun yi ta yi masa dariya a kan wannan. A ganina nan ne gwanintarsa ta marubuci ta fito fili, domin sauti ba ya zanuwa a takarda, kuma babu rikoda a 1819. Hanya ɗaya da zai sa likitan da ke Landan ya gane abin da shi ya ji a Paris ita ce ya tuna masa da wata ƙara da ke cikin kunnensa tun yana yaro. Har ƙarar numfashin lafiya ya tsaya ya siffanta, ya lura cewa ta yara ta fi ta manya ƙarfi, kuma in aka ji irin ta yara a gefe ɗaya na ƙirjin babba, to sau da yawa wancan gefen ne ya gaza, wannan ke yin aikin biyu.

Abin da zai fi amfanar ɗalibin yau, a ra'ayina, shi ne wuraren da ya haɗa ƙwanƙwasawa da sauraro, don ya nuna cewa kowanne shi kaɗai yana iya ruɗar mutum. Ka ƙwanƙwasa gefe ɗaya ka ji amo mai kyau, har ya fi na ɗayan, sai ka ce wannan ne lafiyayye. Ka ɗora bututu ka ji shiru, babu numfashi. To iska ce ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji ta matse huhun, wanda ka ɗauka lafiyayye shi ne mai ciwon. Ka ƙwanƙwasa ka ji dum, ka saurara ka ji shiru, ruwa ne ya fi yiwuwa. Amo mai yawa a duka gefen biyu tare da numfashi mai rauni, a ƙirjin da ya kumbura, wannan shi ne ciwon da jakunkunan iska ke buɗewa su lalace, wanda Laennec ya siffanta shi yadda ba a taɓa yi ba kafinsa. Haka ya bi nimoniya mataki uku. Da farko huhu ya cika da jini da ruwa, ana jin tartsatsin nan. Sannan ya yi tauri ya koma kamar hanta, tartsatsin ya ɗauke, ƙwanƙwasawa ta ba da dum. A mataki na uku mugunya ta ratsa shi. In mai ciwon zai tashi, tartsatsin yakan dawo yayin da iska ta fara komawa. Waɗannan shafukan, in ka cire tsofaffin sunaye, su ne dai abin da ake koya wa ɗalibai a bakin gado har yanzu, a Paris ko a Zariya.

A kan tarin fuka ya yi aikin da ya fi kowanne nauyi. Bayle, a littafinsa na 1810, ya kasa ciwon rama na huhu gida shida. Laennec ya ce abu guda ne mai matakai: 'yan ƙurajen nan masu launin toka kamar ƙwayar gero, su girma, su haɗu, su yi ruwan ɗorawa kamar cuku, su narke, a yi tarinsu, rami ya rage. Ya faɗi haka fiye da shekara 60 kafin Robert Koch ya ga ƙwayar cutar a 1882, kuma ganin Koch ya gaskata shi. Ya kuma nuna tabo a huhun mutanen da wani abu dabam ya kashe, ya ce alama ce cewa ramin fuka na iya warkewa da kansa, a zamanin da ake ɗaukar ciwon hukuncin kisa. Ciwon ba baƙo ba ne a wurinsa. Bayle ya rasu da shi a 1816, shekarar da aka nannaɗe takardar, kuma shi kansa marubucin yana fama da ƙirji yayin da yake rubutu. A gefen hanya ma, cikin labarin wani mara lafiya da aka kwantar don ciwon ƙirji, ya ga hanta ta ƙanƙance ta yi ƙuraje masu launin ɗorawa, ya ba ciwon sunan da likitocin duniya ke kiransa da shi har yau, cirrhose.

Mai karatu daga ƙasarmu, inda ake gaggauta yi wa mamaci sutura, zai ji wani iri game da yawan feɗe gawa a littafin, kuma yana da dalili. Asibitocin Paris na bayan juyin juya hali cike suke da talakawa: leburori, masu wanki, tsofaffin sojoji, barori. Wanda ya mutu a can ba shi da mai tsaya masa, jikinsa ya zama na malamai. Laennec mutum ne mai riƙo da addininsa na Katolika, kuma ba a jin wulaƙanci a yadda yake maganar marasa lafiyarsa, amma babu inda ya tsaya ya tambayi kansa ko sun yarda. Ilmin da muke cin moriyarsa da jikinsu aka saye shi, kuma ya kamata wanda ke yabon littafin ya faɗi haka.

A gawar nan kuma raunin littafin yake. Rami a huhu, ko tauri, ko ruwa, suna nan bayan mutuwa, wuƙa za ta same su, ta ce wa likita ka yi daidai ko ka yi kuskure. Zuciya kuwa aikinta motsi ne, kuma zuciyar gawa ba ta motsi. Saboda haka a kashi na huɗu na littafin, na zagayawar jini, alƙalin da ke yi masa gyara ya yi shiru, sai ga kurakurai. Ya ji sautuka biyun nan na kowane bugu, ya danganta na farko da matsewar ɗakunan ƙasa na zuciya, wanda ta fuskar lokaci bai yi nisa da gaskiya ba. Na biyun kuma ya ce matsewar ɗakunan sama ce, alhali su kafin na ƙasa suke matsewa. Sai bayan rasuwarsa, a 1832, Joseph Rouanet ya nuna cewa rufewar ƙofofin zuciya ce ke ba da sautukan, na biyun daga ƙofofin manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga cikinta. Haka wata ƙara mai kama da zugazugi da akan ji a zuciya. A bugun littafin na farko ya kusa kamo gaskiya da ya haɗa ta da ƙofofin da suka lalace. Da ya ci karo da waɗanda aka ji musu ita amma gawarsu ba ta nuna komai ba, sai ya ja da baya a bugu na biyu na 1826 ya jingina ta ga ɗaurewar tsoka. Mutumin da ya ƙirƙiro bututun don ya saurari zuciya, a huhu ya yi nasara, a zuciyar kuma ya bar wa na baya aiki.

Akwai wani raunin da ya fi wannan zurfi. Laennec yana son kowane ciwo ya zama yana da tambarinsa, sauti guda da in an ji shi an gama magana. Jiki bai yarda da haka ba. Muryar da ya ce ta rami ce akan ji makamanciyarta a huhun da nimoniya ta taurara, kukan akuyar nan ma ba na ruwa kaɗai ba ne. Shi kansa ya fara ganin haka, shi ya sa a bugu na biyu ya yi ta ƙara rabe-rabe, cikakkiya da maras cika da mai shakka, har abin ya fara yi wa ɗalibi yawa. Joseph Skoda na Vienna ne ya warware ƙullin a 1839, da ya ce sauti ba ya faɗin sunan ciwo, yanayin abin da ya ratsa kawai yake faɗi, ko iska ko ruwa ko tauri, sauran aikin na hankalin likita ne. Bayanin da Laennec ya bayar na tartsatsin ma, cewa iska ce ke kumfa a cikin ruwa, Paul Forgacs ya zo da wanda ya fi shi a littafinsa na 1978: ƙananan hanyoyin iska ne da suka manne suke buɗewa farat ɗaya yayin jan numfashi. Sautin da Laennec ya siffanta daidai ne, dalilin ne aka canza.

Batun musabbabi da magani kuwa, gara mai karatu ya bi su da sauri. Ya yi shakkar cewa fuka na yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ya fi karkata ga gado da baƙin ciki mai daɗewa, duk da cewa shi da kansa ya ba da labarin yadda zarto ya yanke shi a yatsa yana aikin ƙashin bayan mai fuka, ƙurji ya fito a wurin. Sai a 1865 Jean-Antoine Villemin ya nuna ana iya sa wa zomo ciwon. Nimoniya kuma yana ba ta maganin antimoni mai sa amai, da yawa ƙwarai, bayan zubar da jini. Saboda imanin da ya yi da iskar bakin teku irin ta ƙasarsu Bretagne, har ciyawar teku ya sa aka baza a ɗakin masu fuka a Paris. Ba na ganin laifinsa sosai a nan, zamanin ne ba shi da abin bayarwa, kuma babban abokin hamayyarsa Broussais, wanda ke ganin kusan kowane ciwo kumburi ne, matsattsaku yake manna wa mutane har su galabaice. Sai dai raddin da ya yi wa Broussais a bugu na biyu ya yi tsawo, kuma zafin rai ya fito a ciki. Littafin bai buƙace shi ba.

Ana yawan cewa daga wannan bututun ne likita ya fara daina sauraron bakin mara lafiya ya koma sauraron jikinsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin likita yana cikin bayani aka ce masa yi shiru, ja numfashi, ya san abin da ake nufi. Amma ɗora wa Laennec wannan ba adalci ba ne. Labaran da ke littafinsa da tarihin mutum suke farawa, wani lokaci har da baƙin cikin da ya same shi kafin ciwon. Kuma shi ne likitan da a 1814, da aka cika asibitin Salpêtrière da sojoji, ya nemi a tara masa 'yan Bretagne waɗanda ba su jin Faransanci don ya duba su da harshensu. Wanda ya yi haka ba ya raina maganar majiyyaci.

Yau fa? Tun 1895 da Röntgen ya gano hoton ƙashi, ido ya shiga inda da kunne kaɗai ke shiga, sannan ga sikanin, ga gwajin majina. Wajibi ne a faɗi iyakar sauraro: mai tarin fuka a farkonsa ana iya saurarensa a ji ƙirji lafiya lau, kuma likitoci biyu kan saɓa a kan ƙara guda. A Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya, ƙa'idar ita ce wanda ya yi mako biyu yana tari a gwada majinarsa, da na'urar GeneXpert inda akwai ta, ba a tsaya ga abin da kunne ya ji ba. Ga yara ƙanana ma, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙidayar numfashi ya sa a gaba: 50 a minti ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, 40 ko fiye daga nan zuwa shekara 5, da kuma duba ko ƙasan ƙirji na lotsawa. Duk da haka, a ƙaramin asibitin da babu wuta balle hoto, cikin dare, in aka kawo wanda ya yi hatsarin babur yana haki, abin da zai gaya wa ma'aikaci cewa iska ta matse huhu ɗaya shi ne yatsu biyu da abin sauraro, amo a gefe guda da shiru a ƙarƙashinsa. Ba shi da lokacin jiran wani abu, kuma shafin da ya koya masa haka a 1819 aka rubuta shi.

Ga wanda zai nemi littafin, bugu biyun ba ɗaya ba ne. Na 1819 bisa alamu aka tsara shi, murya, numfashi, ƙararraki, zagayawar jini, don haka bayanin ciwo guda yakan warwatsu a wurare da yawa, mai neman abu ya sha wahala. Amma a cikinsa ake jin zumuɗin mai ganowa, kana bin sa kamar kana tsaye a bayansa a ɗakin marasa lafiya. Na 1826 ya sake shi ciwo-ciwo, ya ƙara magani, ya zama littafin koyarwa sosai, ya fi tsari, ya kuma fi nauyi. Gama shi ya ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya koma gidansa na Kerlouarnec a Bretagne, tarin fuka ya kashe shi ranar 13 ga Agustan 1826, yana da shekara 45. Masu karatu da Ingilishi kuwa ta hannun John Forbes suka san shi, wanda ya fassara shi a 1821, ya rage shi sosai, ya sake masa tsari, ya kuma canza ma'anar wasu sunayen ƙararraki, abin da ya jawo ruɗanin da aka daɗe ana gyarawa. Forbes ya yaba wa aikin, amma a gabatarwarsa ya yi shakkar cewa likitocin Ingila za su rungumi bututun, saboda cin lokaci da kuma yadda likita mai mutunci zai zama abin dariya yana sunkuye da itace a kunne. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci sun fi mu sa'a a nan, za su iya karanta asalin. Shawarata su fara da juzu'i na farko na bugun 1819, babin murya da na numfashi, su bi labaran marasa lafiya biyar ko shida a tsanake, sannan su tsallake zuwa bugun 1826 don babin nimoniya da na ruwan ƙirji. Kashin zuciya a karanta shi da littafin zamani a gefe.